Mai Kwalabe da Rijiyoyi Bakwai na Bayan Tasha

Kafin ƙarfe bakwai na safe ta riga kowa isa ofis. Tana shiga sai ta wuce ɗakin gwaji, ta jera kwalabenta a bakin famfo, ta wanke kowace sau uku, ta manna mata takarda, ta zuba ƙanƙara a kula. Sannan ta cire takalmin gari ta zura na roba mai kaiwa gwiwa, ta leƙa ta taga ta tambayi direba ko shayin nasa zai ƙare yau.

Daga nan sai ƙarƙashin gada. Akwai ginshiƙi da aka yi wa layukan awo. Ta duba inda ruwa ya kai, ta rubuta. Ta shiga kogin riƙe da sanda mai 'yar farfela a baki, ta auna gudun ruwan a wuri biyar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Bayan kogi sai rijiyoyi, guda ashirin da shida da take zagayawa kowane wata. A kowace za ta zura igiyar awo, wadda ke yin ƙara da zarar bakinta ya taɓa ruwa, ta rubuta zurfin, ta cika kwalba guda. Yaran unguwanni ne suka laƙaba mata Mai Kwalabe, sunan ya biyo ta har ofis. Mu dai a gabanta Gwaggo muke cewa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Ni injiniya ne. An kawo ni shugabancin sashen kula da ruwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ɗauke da digiri biyu, girman kai na uku. Ita kuwa difloma ce kawai gare ta. Ban yi wata shida ba ta koya mini aikina.

Wata Laraba sakamakon gwaji ya fito, rijiya ɗaya a unguwar bayan tashar mota ta nuna dalma fiye da kima. Dalma guba ce da ba ta da launi ba ta da ɗanɗano a ruwa, tana cin yara a hankali. Na duba lambar, na ga ba ta yi kama da ta sauran watanni ba, na ce na'ura ce ta yi kuskure, a share. Gwaggo ba ta yi mini musu ba. Washegari ta koma ta ɗebo wata kwalbar, jibi ma haka. Ranar Litinin ta ajiye mini takardu uku a tebur, lambar ba ta sauya ba.

"Injiniya," ta ce, "in na'urar ce ke ƙarya, to ta iya riƙe magana ɗaya."

Ta nemi mota ta sati biyu, na ba ta. Ta bi unguwar gida-gida, har rijiyoyin da ba sa cikin lissafinmu, ta gwada arba'in da ɗaya. Bakwai suka nuna gubar. Ta biya asibitin unguwar, malamar jinya ta shaida mata cewa ta daɗe tana ganin yara da ciwon ciki da kasala, ana ba su maganin tsutsa suna dawowa.

Sai ta yi abin da ni ya kamata in fara tunaninsa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiya yake yi, daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare, kuma awon rijiyoyi shi ke nuna inda ya dosa. Ta shimfiɗa taswira a teburina, ta rubuta awon kowace rijiya, ta ja kibiyoyi da fensir. Rijiyoyin bakwai suka jeru a layi kamar an ja zare. Ta bi layin da yatsa zuwa sama, yatsan ya tsaya a wani fili. Na tambaye ta mene ne a wurin. Ta ce wurin fasa tsofaffin batiran mota ne, ana narka dalmar a sayar, ruwan batir ɗin kuma a tuttula shi a rami. Na tambaye ta ko ta san mai wurin.

"Ƙanena ne," ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi."

Na ce ta bar mini sauran aikin, ni zan sa hannu a rahoton, ba sai sunanta ya fito ba. Ta yi godiya ta ƙi. Ta ce ita ta ɗebo ruwan, ita ta auna, idan aka tsaya gaban hukuma ana tambaya ita ce ke da amsa. Alfarma ɗaya ta roƙa: a ba ta yini guda ta gaya masa da bakinta kafin takarda ta isa gare shi.

Direba ne ya kai ta da yamma, shi ya ba mu labarin abin da ya gani. Ya ce ƙanen ya tarbe ta da murna, ya sa aka share mata benci. Ta shimfiɗa masa taswirar a kan wani mataccen batir, ta yi masa bayani dalla-dalla. Da farko dariya ya yi, ya ce ramin nasa da rijiyar farko akwai tafiya, ruwa ba shi da ƙafa. Da ya ga fuskarta sai dariyar ta ɗauke. Ya nuna mata ma'aikatansa, mutum goma sha biyu, kowa da iyali. Ya tuna mata cewa da wannan sana'ar yake riƙe da tsohuwarsu.

"Yaya, ke za ki tona mini asiri?"

"Gobe zan miƙa rahoto," ta ce. "Na zo ne don kada ka ji a bakin wani. Kuma ka kai yaranka a gwada jininsu. Ƙurar da ke jikin rigarka gida take bin ka."

Ya juya mata baya. Direba ya ce da suka iso ofis, za ta sauka sai ta tuna masa cewa gobe akwai awon kogi.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Aka rufe wurin. Ita da kanta ta ɗauki jan fenti ta yi wa rijiyoyin bakwai alama, ta tsaya tana shan surutun matan unguwa da ke ganin an raba su da ruwa garai-garai an haɗa su da layin tanki. Ba ta ɗaga murya ga kowa ba, ta dinga maimaita bayani ɗaya har aka gane. A gida kuwa tsohuwarsu ta daina amsa gaisuwarta yadda ta saba, ƙanen ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Duk wannan ba daga bakinta muka ji ba.

Da aka zo haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, ɗan kwangila ya so ya kafa ta kusa da titi don sauƙin shigar motarsa. Gwaggo ta nuna masa kibiyoyinta, ta ce nan ne hanyar gubar. Aka koma da ita can gefen makaranta, inda ta nuna. Ruwan nan har yau ko sau ɗaya bai faɗi gwaji ba. Aka kwashe ƙasar ramin, ta ci gaba da awo wata bayan wata har shekara huɗu. Rijiyoyi huɗu suka warke aka buɗe su, uku aka cike su har abada.

Ƙanen fa? Matarsa ce ta ɗauki yaran a ɓoye ta kai asibiti. Autarsu, 'yar shekara uku, aka samu dalma a jininta, aka fara magani da wuri. Bayan kusan shekara biyu sai ga shi a ofishinmu da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji yana murza hula a hannu. Ina wurin. Ya ce yarinyar ta shiga makaranta, kuma bakinta ba ya hutawa. Gwaggo ta ce ai gado ta yi. Ya yi dariya, ya share ido, ta tura masa kujera da ƙafa saboda hannuwanta na cikin ruwan sabulu. Yanzu gyaran injinan ban ruwa yake yi, da biyar daga cikin tsofaffin ma'aikatansa.

Gwaggo, ke ce kika nuna mini cewa lamba a takarda cikin wani yaro ce. Ke ce kika ga gaskiya ta nufi ƙofar gidanku, ba ki kauce ba, ba ki kuma tura wani ya faɗa a madadinki ba. Mai aunawa sau uku kafin ta yi magana sau ɗaya. Akwai yara a bayan tasha da ke zuwa makaranta da ƙwaƙwalwarsu lafiya lau, ba su san sunanki ba, ba su ma san an taɓa yin wani abu dominsu ba. A madadinsu, da madadin mu da muka koyi aiki a hannunki, na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa.

Ku kuma matasan da za ku gaje ta, da duk wanda aka damƙa wa awon wani abu da rayuwar mutane ta rataya a kai: ranar da sakamako ya zo muku ba yadda kuke so ba, kada hannunku ya yi saurin sharewa. Ku koma ku sake aunawa. In ya tabbata, ku rubuta shi yadda yake, ku sa sunanku a ƙasa.