Hatimin Da Na Cire A Watan Azumi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi, ina ganin mutane suna sauke abin da ya tokare musu ƙirji, yau ni ma na ce bari in sauke nawa. A farkon shekarun mulkin soja ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ina aiki a wata tashar rarraba wutar lantarki a Omdurman. Mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira kafin mu dawo unguwar Alsawra, shi ya sa ranar da na fara saka kayan aiki mahaifiyata ta bi gida-gida tana shelar ɗanta ya zama injiniya. Ko kusa ban kai nan ba, amma ban taɓa gyara mata zancen ba, don yana min daɗi.

Shugabana wani dattijo ne da kowa ke kira Usta. Bahaushe ne, kakansa ya taho hajji a ƙafa ya yada zango a ƙasar nan bai ƙara gaba ba. Gajere ne mai faɗan tsiya, amma kullum sai ya raba wake da burodinsa biyu ya tura min rabi, yana cewa ramata tana zubar masa da mutunci. Shi ke kula da na'urorin kariya da muke kira rile. Kowane layi yana da tasa a cikin akwatin gilashi, aikinta ta ji in wutar da ake ja ta fi ƙarfin waya, ta yanke layin kafin wani abu ya ƙone. Usta yana goge gilasansu da bakin rawaninsa kamar mai share wa jikoki majina. Dokar aikin kuwa ba ta da sassauci: ba a taɓa ma'aunin rile sai da takarda mai sa hannun injiniyoyi, a gaban mutum biyu, a gwada ta, sannan a ɗaure murfin da siririyar waya a matse da hatimin dalma. Filayar hatimin tana ɗauke da lambar Usta, a aljihun teburinsa take kwana. Ni a lokacin gani nake duk ƙaƙale ne irin na tsofaffi.

Azumin wata shekara ya faɗo a zafi. Kullum bayan la'asar, in kowa ya kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, sai rilen layin unguwarmu ta yanke wuta. A wurinmu maza a bakin titi suke shan ruwa, a shimfiɗa tabarmi kowane gida ya fito da tirensa. Nan fa nake shan tsiya. Dattawa su ɗaga kofin zoɓo mai ɗumi su ce a miƙa wa injiniya ya ɗanɗana aikinsa. Limaminmu ya ce ko in roƙa musu alfarma wurin wutar, tunda ni ke kwana da ita. Wasa suke, cikin ƙauna, amma yana cina. Na kai wa Usta kuka, ya ce layin ne ya yi wa kebur ɗinsa, wato babbar wayar da aka binne a ƙasa, nauyi, ya riga ya rubuta a raba shi biyu, in yi haƙuri. Rannan na koma gida na tarar da mahaifiyata kwance a tsakar gida ta lulluɓa da jiƙaƙƙen zane saboda zafi.

Washegari da Usta ya tafi sallar azahar, na buɗe teburinsa na ɗauki filayar. Na tsinke hatimin, na ɗaga ma'aunin rilen sama yadda ba za ta yi saurin yankewa ba, na ɗaure da sabuwar waya na matse da lambarsa. Ko minti biyar ban yi ba. Kwana huɗu wuta ba ta ƙifta ba, aka sha zoɓo da ƙanƙara, aka yi ta sa min albarka, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. A rana ta biyar da la'asar kebur ɗin ya ƙone a ƙarƙashin ƙasa, ya tafi da wani ɓangare na tashar. Kusan mako guda unguwanni ba wuta, injin ɗaga ruwa ya tsaya, mata da azumi a baki suna bin amalanken jakai da jarkoki.

A wancan zamani irin wannan ba a kiransa kuskure, zagon ƙasa ake ce masa. Masu bincike suka ga an taɓa ma'auni ba takarda, hatimi kuma na Usta ne. A gabana wasu mutane masu farin kaya suka sa shi a mota. Ya miƙo min makullan tashar, ya ce in kula da sauran rile, kada ƙura ta shige su. Wallahi bakina ya buɗe, amma tsoro ya riƙe min harshe. Kwana uku ina yawo da abin a cikina. A na huɗu matarsa ta aiko kirana zuwa gidansu a unguwar Dar Salam. Ta ba ni kwanon abinci da maganin hawan jininsa, ta ce in nema mata hanyar da za su isa gare shi, don duk cikin ma'aikata ni kaɗai yake yabo, cewa yake Allah ya ba shi ɗa da tsufa. A tsakar gidan na durƙusa na fashe da kuka na faɗa mata komai. Sai ta ce to in tashi in kai kwanon da kaina, in faɗa wa masu tsare da shi abin da na faɗa mata.

Na je na faɗa. Abin da na gani a makonnin da aka tsare ni ba zan rubuta shi ba. An kore ni daga aiki, shi kuma aka sake shi, amma aka yi masa ritayar dole saboda ya bar filayar inda hannu zai kai. Da na fito na kasa zuwa gaishe shi, sai shi ya hau mota ya zo har gidanmu. Ya ƙare min kallo, ya ce ramar ta ƙaru. Na fara neman gafara ya katse ni: "Ya waladi, ɗana, tun ranar farko na sani. Kai bahago ne, murɗin wayarka hagu yake yi. Da aka nuna min hatimin na gane hannunka." Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce shi ya koya min riƙon filayar, ba zai iya kuma ya miƙa ni da bakinsa ba, jira yake ya ga ko abin da ya shuka a cikina ya tsiro.

Yau shekaru da yawa ina gyaran fanka da wayoyin gida a wata rumfa kusa da kasuwar Suk al-Arabi. Usta ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Abin da na fahimta a makare shi ne, rilen nan da nake jin haushi gaskiya take faɗa kullum, ni na toshe mata baki don a yaba min. 'Yan'uwa masu aikin wuta, in na'urar kariya ta dame ku da yankewa, ku nemi dalilin, kada ku taɓa ta ba bisa ƙa'ida ba, ko da mahaifiyarku ce ke cikin zafi. Ni na yi don mutanen da nake ƙauna, su na jefa a ƙishirwa, kuma wanda ya fi kowa ƙaunata a wurin aiki shi ya biya da aikinsa, bai taɓa yi min gori ba har ya koma ga Allah.