Ranar da taubashina ya sauya mini Windo

Kwamfutata tsohuwa ce, ta hannu, a Zariya na saye ta. In ka kunna ta, za ka iya barin Ikara ka je Makarfi ka sha rake ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Windo ce a kanta, kuma ni ban kai ƙararta wurin kowa ba. A cikinta akwai bidiyon da na ɗauki Baba, Allah ya jiƙansa, yana zaga gonarmu ta Gazara da sandarsa yana nuna iyaka, daga gindin tsamiya har bakin fadama. Maƙwabcin gona ya fara cin kunyoyinmu, mai unguwa ya ce ran Asabar kowa ya zo da shaidarsa. Ni bidiyon nan kaɗai gare ni.

Ran Laraba sai ga taubashina daga Kudan. Ɗan kwas ɗin kwamfuta ya yi a birni, ya dawo yana wa'azin Linoks, kishiyar Windo, wai kyauta ce, wai ba ta kamuwa da cuta, saura kaɗan ya ce tana maganin basir.

Ya dubi kwamfutar ya ce, "Bawana, wannan jakar kake hawa har yanzu?"

Na ce, "Jakar tana kai ni inda za ni. Ajiye mini abata, ɓarawon Kudan."

Ya saɓa ta a hammata ya fita. To taubashi ne. Hularka zai ɗauka, takalminka zai ɗauka, in ka ɓata rai kai za a yi wa dariya. Iyakar abin da na yi, na bi shi har bakin babur ina cewa kada ya taɓa mini komai.

Ran Juma'a ya dawo da ita yana washe haƙora. Ya danna, kafin in gyara zama ta buɗe. Gudu kam akwai. Na nemi Baba, babu Baba.

"Ina kayana?"

"Ai da zan sa mata Linoks ta tambaye ni, in share duka ko in bar wa Windo gefe. Na ga me za ka yi da tarkace?"

"Ita na'ura ta yi hankalin tambaya, kai mai kai kamar goran nono ba ka yi hankalin kirana ba?"

Ya ce wai ai laifina ne da ban kwafa a filashi ba. Na ɗauki muciya, Inna ta riƙe ni tana cewa wasa ne, ba a fushi da abokin wasa.

Ran Asabar na je gaban mai unguwa hannu rabbana. Maƙwabci ya zo da tsofaffi biyu, ɗaya ko tsamiyar ba ya gani, amma ya rantse a kan iyaka. Ni kuwa ina ta ba da labarin bidiyon da babu shi. Kunya huɗu aka yanke mini. Bana rake maƙwabcin ya shuka a kansu, ya yi kyau ƙwarai, ta gefensa nake wucewa in shiga tawa gonar.