Ranar da na kushe bindigar Likita

A shekarun da gwamnatin Ingila ta ɗaure ciki da igiya, council ɗinmu na Manchester, ƙaramar hukumar da nake yi wa aiki, ya rage mini ranakun aiki, na wayi gari na fi kowa lokaci a unguwarmu ta Cheetham Hill. Mai zuwa asibiti, mai zuwa filin jirgi, duk ni ne ɗan rakiya. A haka taubashina ya kama ni. Likita ne, GP a unguwar Erdington ta Birmingham, ɗan kawuna, ya girme ni nesa, amma ba ma raga wa juna.

"Kai marar aikin yi, hawo mota ka zo Birmingham," in ji shi a waya. "Aron ido nake so."

Idonsa ne ya fara rauni. Ya daɗe da lasisin bindiga, yana zuwa wasan harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama, shi da abokan aikinsa, amma abin da ransa yake so daban ne. Kawuna maharbi ne, yana da bindiga mai baki biyu a jere, wadda aka yi wa ƙarfenta ruwan nikel saboda tsatsa. Bayan rasuwarsa ta salwanta. Likita ya yi shekaru yana neman irinta, mai ruwanta na asali, sai ya ji labarin wani tsohon Bature mai gyaran bindiga da kasuwa ta juya wa baya, zai rufe shago, yana da guda biyu.

Shagon nan, bangonsa ya sha mai har in ka matse tubali za ka soya ƙosai. Tsohon ya shimfiɗa ƙyalle ya jera mana su. Ta farko sheƙi take, na leƙa na ga fuskata, na ga har gurbin haƙorin da aka cire mini. Ta biyu kuwa ta dushe kamar cokalin gidan biki.

"Likita, biya mu tafi. Wannan ai ko makaho ya gan ta."

"Shi ya sa makaho yake shakkarta. Karɓi gilashin nan ka duba mini sunan maƙerin."

Na kanga gilashin ƙara girma a kan mai sheƙin. Haruffan sun lafe, kamar rubutun jikin sabulun da aka yi wanka da shi. Ga wasu ƙananan ramuka kwance ƙarƙashin ruwan, kamar ƙuraje a ƙarƙashin hoda. Likita ya bi zanen da farce, farcen ya zame bai tsaya ko'ina ba. Ya ce an kankare ta ne aka sake mata ruwa, zanen ya tafi da tsatsar.

Na koma kan dusasshiyar ina ƙunƙuni. To, ni mutum ne mai surutu, matata ta ce ko a barci ina ba da labari, amma a nan na mance da labari, na ƙara matso da gilashin. A jikin ƙarfen, a filin da bai kai tafin hannun jariri ba, ga kare ya ɗaga ƙafa ɗaya, gashin wuyansa sili-sili. Ga fakara biyu sun tashi, kowane gashin fiffike da layinsa. Wani bawan Allah ne ya zauna da ɗan ƙarfe ya sassaƙa wannan tun kafin a haifi kakana, kuma har yau bakin zanen yana kama farce. Da aka cire katakon da ke ƙarƙashin bakunan, inda hannu bai taɓa kaiwa ba, sai ga ruwan fari tas, kamar jiya aka tsamo ta.

Likita ya matso kunnena. "Ita ce."

Sai na gyara hula. A wajenmu ba a yabon abin da za a saya, kushe shi ake yi. Na dubi tsohon na taɓe baki, na ce da Turanci ai ta gama yawo, ta koɗe, sai ya yi mana ragi mai kyau, tunda dole mu kai a sake mata ruwa.

Fuskarsa ta yi ja kamar an mare shi. Ya naɗe bindigar a ƙyalle a hankali, ya ce ta fita daga kasuwa. Mai sheƙin tana nan in muna so.

"Ka kashe ni, ɗan banza," in ji Likita da Hausa, bai ko kalle ni ba.

Ya roƙi tsohon ya bar shi ya riƙe ta sau ɗaya kafin mu tafi. Ya karɓa, ya rufe ido, yatsunsa suna bin inda ruwan ya cinye. Ya juya ta, ya mayar da ita hannun hagu, sai babban yatsansa ya faɗa daidai inda ƙarfen ya fi dushewa.

"Mai ita bahago ne," ya ce. "Kuma a hannu yake ɗaukarta, ba ya saɓa ta a kafaɗa."

Tsohon ya ce wani manomi ne, bahago, shi yake kawo masa ita gyara har ya mutu.

"Idan na sake mata ruwa, shi na goge," in ji Likita. "Ta babana ma haka take, sai dai ita ta gefen dama ta cinye. Wannan da na zo da shi, al'adar kasuwarmu ya yi maka. Mu abin da muke mutuwar so shi muke zagi."

Har gobe ina nan a kan cewa cinikina daidai ne, ƙasar ce ba daidai ba. Tsohon ya yarda zai sayar, bisa sharaɗin in jira a waje. Ina tsaye a yayyafi ina leƙe ta taga, na ga Likita ya biya abin da aka faɗa masa bai nemi ragi ba, ya rungume ƙyallen a ƙirjinsa yana goge ido da hannun riga.