Ruwan Tekun da Na Haɗa wa Tsutsar Mushe Bulus

Ranar wata Litinin ce cikin bazara, shekara ta uku da samun ƴancin kai, malaminmu Mushe Bulus (Mushe muke ce wa malami, da Faransanci) ya shigo ajinmu na lakwal, wato makarantar boko ta Geceme, rungume da wani abu cikin tsumma. Ajin rumfar kara ce, zafi ya gama dafa mu, ni kuwa tun safe nake mutsu-mutsu a kan benci kamar wadda cinnaka ya shigar wa zane. Ya ajiye abin a kan tebur ya kwance, sai ga kwalba mai faɗin baki, an toshe ta an liƙe da kakin zuma. A cikin wani ruwa fatsi-fatsi akwai tsutsa mai tsawon ɗan yatsa, bayanta duk ɓawo a jere kamar na kifi, gefe da gefe kuma gashi ne tsaitsaye mai ƙyalli. Wata ƴar takarda na kwance cikin ruwan, a gindin kwalbar. Ya ce daga teku ta fito, shi da kansa ya ɗaga dutse ya kamo ta lokacin da yake karatun malanta a Senegal. A ajin nan kaf babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari. Ranar ce na fara yin awa guda cur ban motsa ba.

Mushe Bulus Kirista ne daga Dogon Dutsi, siriri, mai saurin magana, kuma ba ya koyar da abu sai ya raba shi gida-gida. Ya tura mu muka tono tana a bakin rijiya, maza suka kamo matsattsaku a tafki, wani ya zo da shanshani cikin gwangwani. Duk muka rantse shanshani ne ɗan'uwan tsutsar teku, don ga ƙafafu nan birjik. Ya ce a'a, kama da wane ba ta wane. Ya sa muka shafa tana da yatsa daga wutsiya zuwa kai, muka ji ɗan kaushi. Ashe gashi gare ta, kaɗan ne kawai. To tana ce mai gashi kaɗan, matsattsaku marar gashi, ta kwalba mai gashi da yawa, su uku kakansu ɗaya, shanshani kuwa bare ne. Masu gashi da yawan ma, in ji shi, masana sun raba su biyu: masu yawo, da masu gina ɗaki su zauna ciki har mutuwa. Ya dube ni ya ce, "Kulu, ke kam ba sai an duba littafi ba, cikin masu yawo kike." Aji ya fashe da dariya, kuma ban ji haushi ba, don ko a gida Kaka ba ta kirana sai da Ƙafar Yawo.

Wani abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Kowace tsutsa da masana suka sani tana da suna biyu da Latinanci, na gidansu da nata na kanta. Yana da wani tsohon littafi na Faransanci mai zane-zane, ya ƙirga ɓawon tasa, ya duba ƙahonnin kanta, ya gane gidansu, amma ita kanta bai same ta ba. Ya rubuta wa wasu masana a Dakar, suka ce ya aiko su gani, in sabuwa ce za a raɗa mata suna. Akwai wani mai tafiya can bayan damina da ya yarda zai kai ta. Ni kuwa kullum aka tashi sai in tsaya ina zana ta a kaye ɗina, littafin rubutuna, ɓawo bayan ɓawo, har ya ce zanena ya kusa na littafi.

Da hutun damina ya zo, zai tafi Yamai wani horo. Rumfar lakwal tana yoyo, hanyar mota kuma duk gargada, sai ya kawo kwalbar gidanmu ya damƙa mini a gaban Kaka. Abu ɗaya ya ce: "Kada ki bari ta bushe." Bai faɗa mini mene ne ruwan ba, ni ma ban tambaya ba. Tsutsar teku, ai sai ruwan teku. Kaka, wadda ta san sunan kowace iska da gidansu da abin da take so a yanka mata, ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ce, "Wagga baƙuwa ta yo nisa. Kuma kun ce ba ta da suna? Abin da ba shi da suna ba ya zamnawa wuri guda." Muka ajiye ta ƙarƙashin gadon karan Kaka, bayan tukwane.

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Ina bin babana da ƙwaryar iri ina zuba gero a rami ina rufewa da diddige, hankalina yana ƙarƙashin gado. Ina daka, sai in jingine taɓarya in ruga ɗaki. Aka aike ni tsinkar tafasa, na dawo da rabin kwando. Ko gaɗa ƙawayena suke yi a dandali, in na faɗa hannunsu sau biyu sai in sulale. Na ɗaura zare a jikin kwalbar daidai bakin ruwan, kuma kafin gero ya kai gwiwa ruwan ya sauka ƙasa da zaren da faɗin yatsa biyu. Kakin ne ya tsage. Na liƙe da ƙaro, bai hana ba. Ran da na ga gashin bayan tsutsar ya leƙo sama da ruwa, ko tuwo ban tsaya ci ba.

Na kai wa Kaka kuka. Ta ce, "To mi ne ne ruwan tekun, in ba ruwa da gishiri ba? Ba haka mushenku yac ce ba?" Haka kuwa ya ce, har mun rubuta a allo. Ta kwance ƙullin gishirin Foga da take ji da shi ta ɗebo mini, ni kuma na yi sammako na ja guga na fari a rijiya tun ba a dama ta ba, na tace da sabon ƙyalle. Da na buɗe kwalbar wani wari mai yaji ya daki hancina, na ce ashe haka teku take wari. Kaka ta ce ruwan ya tsufa, ba a ba baƙo ruwan da ya kwana, balle wanda ya shekara. Na tare tsutsar da tsinke, na tsiyaye tsohon ruwan a ƙasa har ɗigo na ƙarshe, na cika mata da nawa. Ranar na yi gaɗa har muryata ta dishe, ina jin babu wadda ta kai ni riƙon amana.

Kwana uku ruwan ya yi gari-gari. Na sake wani, na ƙara gishiri. Ɓawon ya fara saki ɗaya bayan ɗaya yana yawo a sama, gashin ya zube, ɗakin Kaka ya ɗauki ɗoyi. Kullum ina canza ruwa, kullum tana raguwa, har abin da ya saura bai fi majina ba. Takardar nan kaɗai ta tsira, don da fensir aka rubuta ta. Sauran hutun a gona na ƙare shi, ina korar tsuntsaye daga safe har yamma, ina jifa da majajjawa ko babu ko buwa ɗaya a kan zangarniya. Duk ƙarar motar da na jiyo daga hanyar Tibiri sai in ɗauka Mushe Bulus ne ya dawo.

An koma lakwal na yi kwana biyu ban je ba. Rana ta uku da hantsi sai ga Mushe Bulus a ƙofar gida, riƙe da ɗan akwatin katako da ya sa aka ƙera, ciki an shimfiɗa auduga. Na so in haura katanga, Kaka ta riƙe mini zane. Na kawo kwalbar. Ya ɗaga ta a rana, ya buɗe ya shinshina, ya zauna a kan turmi.

"Mi kinka zuba mata, Kulu?"

"Ruwan teku niy yi mata, Mushe. Da gishirin Foga. Ban bari ta bushe ba."

Ya yi wata ƴar dariya da ba ta kai ko'ina ba, har na gwammace ya doke ni. Sai ya ce ruwan da na zubar alkol ne, dangin giya, shi ke hana mushe ruɓewa. Ya ɓoye mana ne don kada a ce Kiristan nan ya shigo da giya ajin ƴaƴan mutane. "Na koya muku danginta kaf," in ji shi, "abu guda da ya kamata ki sani shi na ɓoye." Na ruga na ɗauko kaye ɗina na ce a aika zanen. Ya duba shafi-shafi, ya ce ya yi kyau, amma masana ba sa raɗa wa zane suna, sai sun riƙe jikin. Ya ciro takardar da tsinke ya ba ni, ya ɗauki akwatinsa wayam ya tafi. Kaka ta sa na haƙa rami bayan rumbu, ta ce ko jinjirin da bai kai bakwai ba ana rufe shi.

Shekara ta zagayo aka canza masa gari, ban sake ganinsa ba. Ni ma malanta na yi, na yi yawon da ya faɗa, kuma ban taɓa ajiye kwalba a gaban ɗalibai ban gaya musu abin da ke ciki ba. Yanzu jikata kan buɗe mini waya ta nuna mini tsutsotsin teku jeri-jeri, kowace da sunanta biyu, har ta ce masana sun sake rabon, zancen masu yawo da masu zama ba kamar yadda aka koya mana yake ba. Nakan sa tabarau in bi su ɗaya-ɗaya ina ƙirga ɓawo. Wataƙila tana cikinsu, wani ya kamo ƴar'uwarta ya yi mata suna tuni. Takardar tana nan cikin adakata, da sunan bakin ruwan da ranar da aka kama ta, a ƙasa kuma layi ɗaya na sunanta da Mushe Bulus ya bari fari. Har yau ban san abin da zan rubuta a wurin ba.