Turakun tsohon zango, arewa da Gamu

Mun bar Gure ana fitowa daga sallar asuba, ni da direba da wani abokin kasuwancina. Tun da aka ce ƙasashen nan biyu maƙwabtanmu sun shirya, kowa ya san kamiyonsu, manyan motocin kaya, za su dawo bi ta ƙasarmu. Shagona kuwa shekara uku yana gyangyaɗi. Na ƙudura sai na kama wurin rumfa a tsohon zangon direbobi kafin 'yan Damagaram su farka.

Hanyar yashi ce zalla, motar na nishi kamar tsohuwar jaka. A Gamu litar esansi, wato man mota, ta hau jaka guda, wai murnar sulhu ce. Muka karya da shayi da cuku. Daga nan ba mu ƙara gamuwa da kowa ba.

Da azahar muka isa. Babu tsuntsu, babu ƙuda, rijiyar a rufe da itace. Amma filin bakin hanya cike yake da turaku, kowane da tsumma a ɗaure. Mu 'yan kasuwa haka muke kama wuri. Raina ya ɓaci, na ce lallai an riga mu. Na zaɓi wanda ya fi kyan mazauni, na tuge shi na jefar, na kafa nawa.

Sai ga wani tsoho makiyayi tsaye bayanmu, ba mu ji zuwansa ba. Ya amsa sallama da Barebarci, sannan ya juya Hausa. Ya ce shekarar da aka rufe hanya, matafiya sun yi watanni a nan suna jira, har ciwo ya shiga cikinsu. Babu dutse a wurin, shi ya sa suka yi wa kowane kabari alama da turke da ƙyallen rigar mai shi.

"Ɗana, mayar masa. Ko danginsa za su zo nema, tunda hanya ta buɗe."

Na cire nawa, na ɗauko nasa, amma mun tattake wurin, yashi ya shafe ramin. Tsohon ma bai iya cewa ga daidai ba. Na kafa inda nake zato, muka yi addu'a.

Sai cikin dare muka shigo Gure. 'Yan uwa, alheri na tafe kan hanyar nan, ban musa ba, amma duk mai zuwa kama wuri ya tambayi masu kiwon wurin tukuna. Ni dai har yau ban sani ba ko a kansa na mayar.