Shekarar da Mata Suka Gina Mana Aji

Ina da shekara ashirin da uku aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke arewa da Barmu. Haifaffiyar birnin Tawa ce ni, ban taɓa kwana uku a jere a ƙauye ba. Motar kasuwa ta sauke ni a bakin hanya da akwatina da katifa a naɗe, aka ɗora mu a amalanken jaki, muka yi ta hawa da gangara cikin duwatsun Adar har rana ta take.

Maigari ya sauke ni gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza kuma duk suna ci-rani a Abijan. Ita ce shugabar iyaye mata na makarantar, ko da yake ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Tun ranar farko na kira ta Inna. Ita kuwa in muna gida "ɗiyata" take ce mini, in mun fita waje sai ta koma "Madam", don kada yara su raina ni.

Lakwal ɗin, kamar yadda muke kiran makarantar boko, ɗaki ɗaya ne na siminti da gwamnati ta gina tun da daɗewa. A ciki direkta, wato shugaban makarantar, yake koyar da ƙanana, a ciki kuma ake ajiye littattafai da alli. Sauran azuzuwan rumfunan kara ne. Ni aka haɗa wa aji biyar da aji shida, wato har da masu jarrabawar fita firamare. Da na tambayi direkta ina ajin nawa, sai ya nuna mini wasu itatuwa huɗu a kafe.

"Ga shi nan, Madam. Saura kara."

"Yaushe za a sa karan?"

"In an gama girbi."

Haka muka yi kusan wata guda a gindin aduwa muna bin inuwa tana gudunmu. Da aka gama yankan hatsi iyaye suka kawo kara aka yi rumfa. Yara a ƙasa suke zama, kowa da guntun buhunsa. Awaki na cin bangon ta waje muna karatu ta ciki. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya mini zuciya shi ne ƙarshen shekara: saura mako uku jarrabawa hadarin farko ya taso da iska, ta ɗauke rumfar dungurungum ta watsa a gonar wani. Allon bango ya tsage biyu. Muka koma gindin aduwa, kullum da rabin hankalinmu a sama. Yarana na aji shida ƙalilan ne suka ci. Ranar da sakamako ya fito na shiga ɗaki na yi kuka, Inna na jina.

Sai da na dawo daga hutu, bayan damina, ta tayar da maganar. Muna tsince wake a tsakar gida ta ce, "Ɗiyata, wannan ɗakin da kike kwana, da mi aka yi shi?"

Na ce, "Da laka, Inna."

"Iska ta taɓa ɗauke shi?"

"A'a."

"To, mi ya hana a yi ma ɗiyan lakwal irinshi?"

Na ce ai aikin maza ne, maza kuwa ga su nan suna ɗaure kaya. A ƙauyukanmu da an sa hatsi a rumbu duk mai ƙarfi sai ya kama hanya, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. Inna ta ce, "Su tahi. Da suka tahi bara, wa ya riƙe garin?"

Ta sa aka kira taro a ƙofar maigari ranar Juma'a da hantsi. Tsofaffi maza kamar goma suka zo, mata kuwa har bayan danga. Ban yi zaton direkta zai ƙi ba, sai ga shi shi ne ya fara miƙewa. Mutumin kirki ne, ya yi shekaru a garin, kuma ya gaji da rubuta takardu zuwa Tawa. Ya ce sunan ƙauyen yana cikin jerin waɗanda wata ƙungiyar taimako za ta gina wa aji na siminti, da benci da komai. In suka zo suka tarar da ɗaki a tsaye, za su ce mu ba mu da matsala, su wuce gaba.

Inna ta gyara mayafinta ta dubi direkta, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko namiji, ta ce, "Mushe, shekara nawa sunanmu ke cikin takardar nan?"

Ya ce, "Wannan ta biyar ke nan."

"Jikata da aka haifa shekarar da ka rubuta mu, ga ta can tana kai ma uwarta ruwa. Sai ta yi aure za su zo? Mu dai mun gaji da jiran gawon shanu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Direkta ya ce, "Inna, in muka rasa na siminti, kada a ce ban faɗa ba."

"Ka faɗa, mun ji. In an rasa, a ce ni ce."

Maigari ya dubi tsofaffi, ya dubi yawan matan, ya ce Allah ya sa albarka. Ni ina tsaye a tsakiya, ga maigidana a wurin aiki, ga uwar ɗakina. A raina na san direkta ba ƙarya ya yi ba. Amma da aka ce masu so su ɗaga hannu, na ɗaga.

Magini bai yi wuyar samu ba. Akwai wani tsoho da ya yi shekaru yana gini a Abijan har ya faɗo daga bene, ƙafarsa ta hagu ta shanye, ya dawo gida ya zauna. Ya ce ba ya son komai sai fura da goro kullum, da sharaɗin ba mai yi masa gardama a kan aiki. Ya auna fili da igiya, ya sa aka haƙa tushe. Dutse kam Allah ya hore wa Adar, yara suka yi ta kwasowa a bayan makaranta har ya ce ya isa.

Wahalar tana wajen tubali. Ruwan rijiyar garin ko na sha da ƙyar yake isa, don haka dole a buga tubalin a bakin tabki kafin ya ƙafe. Mata suka raba kansu unguwa-unguwa, kowace da ranarta. Da sun gama daka da safe sai su gangara da fartanya da kwanduna, a haƙo laka, a zuba ƙaiƙayi da kashin jaki, a tattake, a cusa cikin akwatin katako, a jera a rana. Ranakun da babu makaranta ni ma nakan bi su. Ranar farko da na shiga lakar na zame na zauna daɓas, suka yi ta dariya har wata ta riƙe ciki. "Madam ta sa hannu a takarda!" in ji wata, tana nuna shaidar da na bari a lakar. Da na je Tawa hutun ƙarshen wata mahaifiyata ta dubi faso a dugadugaina ta ce, "Koyarwa aka tura ki ko kwaɓa?" Na ce duka biyun.

Mun yi mako biyu muna bugawa, sai wata safiya muka tarar da garken shanun makiyayan arewa sun zo shan ruwa sun bi ta kan ɗanyen tubali. Aikin kwana shida ya koma laka. Wasu mata suka zauna a ƙasa, wasu suka fara zage-zage. Inna ba ta tsaya ba, ta nufi zangon makiyayan a ƙafa, ni da mata biyu muna biye. Babbansu, wani dogon mutum mai rawani har bisa hanci, ya saurare ta har ta gama. Hausarsa ba ta da yawa, amma ya fahimci ɗakin karatun yara ne. Ya ce ba shi da abin da zai mayar da tubali, amma yana da jakuna. Kwana goma jakunansa da matan zangon suna kwashe mana busasshen tubali daga tabki zuwa makaranta. Mu kuma muka kewaye wurin shanyar da ƙaya, abin da ya kamata mu yi tun farko.

Tabkin ya ƙafe saura layi uku bango ya kai. Magini ya ce ko a tsaya haka ɗakin ya zama gajere, ko a nemo ruwa. Aka yanke shawara kowace mace in ta ɗebo ruwan gidanta ta rage jarka ɗaya ta kai makaranta. Wanda bai taɓa jan guga a rijiyar Adar lokacin rani ba, ba zai san girman wannan kyauta ba. Na ga matar da ta bar wankin ƴaƴanta har mako don ta cika alkawarin jarkarta.

Bango ya tashi, sai rufi. Azara da kwano da ƙofa ba a haƙo su a tabki. Inna ta ce in kawo wayata in ɗauki muryarta, in tura wa babban ɗanta ya saka wa mazan garin da ke can. Ta yi gyaran murya kamar mai magana a rediyo ta ce:

"Ku gaya ma mazan garinmu da ke Abijan, muna gaishe su. Mun tada bango, ya hi kowanenku tsawo. Saura hula. In kuna iya sa mishi hula, to. In ba ku iyawa, ku hwaɗa muna da wuri mu ɗaura mishi kallabi."

An ce ranar da suka ji saƙon, a ɗakin da suke taruwa, an yi dariya an kuma ji kunya. Ba a yi wata guda ba mota ta zo daga Tawa da kwano da katako da ƙofar ƙarfe da tagogi biyu. Tsofaffin garin da ba su taɓa laka ba suka fito suka taya magini ɗora rufi. Mata suka yi yaɓe, sannan aka sa ranar daɓe. Ban taɓa ganin aiki mai kama da biki irin wannan ba: mata sahu-sahu a durƙushe da madaɓai, ana waƙa ana bugawa tare, ana yayyafa ruwan makuba, har ƙasan ta yi sumul tana sheƙi. Direkta, da bai taɓa zuwa wurin ginin ba sai dai ya hango daga nesa, ranar ya zo da gwangwanin baƙin fenti ya shafa mana allo a bango da hannunsa. 

Muka shiga ajin tsakiyar zafi. Benci babu, a tabarmi yara suke zama, amma ga inuwa ga sanyin laka, kuma in na rubuta darasi yau gobe ina tarar da shi.

Mai duba makarantu ya zo daga Tawa a kan babur. Ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce tagogin sun yi ƙanana, kuma tsawon bai kai yadda doka ta ce ba. Sannan ya tambayi wane ɗan kwangila ne ya yi. Direkta ya nuna masa Inna, tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar furar da ta kawo masa. Mutumin ya cire hularsa ta babur ya gaishe ta har da rusunawa.

Abin da direkta ya ji tsoro kuwa ya faru. Masu taimakon nan suka zo daf da damina a farar mota, suka ga ɗaki da rufin kwano, suka yi rubuce-rubuce suka tafi. Ajin siminti ƙauyen gabas da mu aka kai shi. Wasu tsofaffi suka yi ta guna-guni, har wani ya ce wa Inna ga abin da taurin kai ke jawowa. Ta ce, "Na ce in an rasa a ce ni ce. To, ni ce. Su ma na gabas ɗin ɗiyan mutane ne, Allah shi ba su albarkarshi." Amma na san abin ya dame ta, don kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba.

Hadarin farko na shekarar ya same mu muna lissafi. Gari ya yi ja, iska ta taso, yara suka fara tattara allunansu kamar yadda suka saba don su gudu gida. Na ce kowa ya zauna, na rufe ƙofa da tagogi. Ruwa ya yi ta dukan kwano har ba ma jin juna, sai na daina magana na ci gaba da rubutu a allo, su kuma suna kwafa. Da aka ɗauke ruwa muka fito, rumfunan sauran azuzuwa duk suna ƙasa. Washegari muka matsa muka ba su wuri, aka yi ta karatu bi da bi har ranar jarrabawa.

Yarana sun ci fiye da rabi, har da ƴan mata biyar da suka wuce kwaleji a Barmu. Garin bai taɓa tura mata haka a shekara ɗaya ba. Da maza suka dawo noma, kafin su je gonakinsu sai sun bi ta makaranta sun leƙa, wasu na shafa bango suna neman inda ya karkace. Ba su samu ba. Bayan girbi suka ɗage tafiyarsu da mako uku, suka buga tubalin aji na biyu, mata na zaune a inuwa suna gaya musu inda suka yi kuskure.

Na ƙara shekara biyu a garin kafin a mayar da ni Tawa. Yanzu ina koyarwa a makaranta mai bene da fanka. In ƴan'uwana malamai suka tambaye ni inda na fara aiki, nakan faɗi sunan ƙauyen da ƙarfi, in kuma suka ce ba su san shi ba, sai in ce su ja kujera su zauna.