Ƙayar Kawu Ousseini

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Mama ta zo makaranta ta ɗauke ni. Sai da muka hau titin Wendover ta iya faɗa mini cewa yayanta, Kawu Ousseini, ya rasu.

Kawu, kai ne ka koya mini tuƙi, ba ka taɓa ɗaga murya ba. Kai kaɗai ne ba ka yi dariyar littattafan soyayyata ba. Amma zancen ƙayarka da Chamsiya ka yi shi, 'yar maƙwabtanku a McLeansville, wadda ko dangi ba mu haɗa ba.

Ina ɓoye bayan littafi ina jin ku. Ka ce a duwatsun Colorado ka ga ƙayar lokacin kana jan tirela, can sama inda itace ba ya tsira. Tana lafewa a ƙasa don iska, saiwarta ta nutse cikin tsakuwa, ganyenta duk gashi kamar bargo. Shekaru take a haka, ta yi fure sau ɗaya, ta mutu. Na so in tambayi launin furen. Kafin in tattaro murya Chamsiya ta tambaya, ka ce mata, "Yawwa 'yata."

Ni fa a gabana.

Ranar sadakar uku mata suka kwashe firigonka, wato firiji, don a sami wurin abinci. Ɗaya daga cikinsu, Anti Bebi, ta ɗago wata kwalba mai jiƙaƙƙen yashi, ta ce, "Wannan kuma wace miya ce ta lalace?" Ta jefa a shara. Ina kallo, ban san komai ba. Chamsiya ce ta zura hannu har gwiwa ta ciro, tana kuka, ta ce irin ƙayar ne, ba ya tsirowa sai ya sha sanyin hunturu. Tanti Hamsatou, matarka, ta ce Chamsiya ta riƙe kwalbar.

Da ni ka faɗa wa, Kawu, da kwalbar ba ta ma kai shara ba. Jiya Chamsiya ta ce in zo mu shuka tare. Zan je, amma har yanzu ban amsa mata ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Tanti Hamsatou, Mama, Allah ya ba ku haƙuri. Chamsiya ma, Allah ya ba ta.